Ƙofar da Dogo Ya Ƙwanƙwasa

Shekara ashirin da shida ya yi a ofishin awon filaye yana zana iyakokin gonaki da fulotai, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Taswira yake ce masa. Mutum ne marar hayaniya, kullum da fensir a bayan kunne. Idan ka tambaye shi hanya ba zai nuna maka da hannu ba, takarda zai nema. Aurensa ya mutu tun da daɗewa, shi kaɗai yake zaune a ɗaki biyu a saman wani shagon fenti, kuma babu abin da ya mallaka mai girma kamar teburin da ke tsakiyar falonsa.

A kan teburin nan ake wasan labari duk ranar Asabar da yamma. Littafi ne mai kauri ake saye, an buga labarin wata duniya ta dodanni da matsafa a ciki, da taswirorinta da komai. Mutum ɗaya ke riƙe littafin, shi ne mai jan labari. Sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, ya faɗi abin da jarumin nasa zai yi, sannan a jefa ƙwaya mai fuska ashirin, kowace fuska da lambarta, ta yanke ko ya dace ko ya sha ƙasa. Mai Taswira ne mai jan labarin. Masu wasa uku ne: ƙanwarsa Nas, da mijinta Tela, da Dogo mai gyaran wayar lantarki, abokinsa tun suna firamare.

Waɗanda suka buga littafin ba su san mutanen nan uku ba, shi kuwa ya san su ciki da waje, don haka bai taɓa jan labari yadda aka rubuta shi ba. An tsara littafin don mutum biyar, sai ya rage dodannin. Akwai babi guda na annoba, ya cire shi ɗungurungum, domin Nas, da yake a asibiti take aiki, ta ce masa, “Yaya, in dai marasa lafiya zan zo gani ran Asabar, gara in karɓi aikin ƙarin lokaci.” Tela kuma in aka yi rabin awa ba a zare takobi ba, sai ka ga ya fara gyangyaɗi, dole a ajiye masa ’yan fashi a bayan kowane dutse.

Amma gyaran da ya fi cin fensirinsa na Dogo ne. Dogo yana da i’ina mai tsanani, irin wadda sai ya runtse ido kafin kalma ta fito. Shi ya sa ya zaɓi sana’ar da mutum zai wuni a kan tsani ba mai yi masa magana. Ranar da suka fara wasan, an ba shi jarumi mai tuƙa jirgin fito. Da layi ya zo kansa, ya buga tebur sau biyu da ɗan yatsa, ya buɗe baki da muryar matuƙin, sai magana ta zubo tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Tela ya saki baki. Nas ta taka shi a ƙarƙashin tebur don kada ya ce komai. Babu wanda ya taɓa tayar da zancen har yau.

Tun daga ranar Mai Taswira ya shiga mayar da faɗa hira. Inda littafi ya ce dodo zai afka musu, sai ya manna ’yar takarda a kai, ya ba dodon baki da damuwa da abin da yake so. Gefen kowane shafi cike yake da ƙananan rubutunsa: idan Dogo ya tambayi sunanta, ga shi. Idan Dogo ya ce me ya sa, ga dalili.

Littafin da suke kai a shekarar nan labarin wani gari ne da ruwa ya cinye, ba abin da ya rage a sama sai hasumiyar ƙararrawa. A cikin hasumiyar akwai wata tsohuwa da aka la’anta ta yi ta kaɗa ƙararrawar har abada, kuma littafin ya ce a kashe ta a ɗauki mabuɗi. A Asabar ta ƙarshe, jaruman uku suka isa bakin ƙofar a cikin jirgi. Tela ya ce a ɓalle ta. Dogo ya buga tebur sau biyu ya ce, “A’a. Gidan mutane ne. Ƙwanƙwasawa zan yi.” Ya sa matuƙinsa ya ƙwanƙwasa, ya ce, “Iya, wa kike kira da ƙararrawar nan?”

Mai Taswira bai shirya wa wannan tambaya ba. Ya duba agogo, ya rufe littafi, ya ce, “Amsa sai mako mai zuwa.”

“Ka-ka-kai mugu ne,” in ji Dogo, yana dariya yana neman takalminsa.

Ranar Talata zuciyar Dogo ta tsaya yana kan tsani a wani gini da ba a gama ba. Kafin a sauko da shi rai ya yi halinsa. A lokacin Mai Taswira ya riga ya rubuta amsar tsohuwar, shafi uku cif.

Wata huɗu ba a buɗe littafin ba. Amma hannun Mai Taswira bai samu labari ba. Yana zaune a ofis yana zana iyakar fili, sai ya farga ya rubuta a gefen takardar aiki, idan Dogo ya tambaya. Ya goge, washegari ya sake. A hanya in ya hangi dogon mutum a kan tsani, sai ya rage tafiya har sai mutumin ya juyo.

Nas ce ta matsa a dawo. “Yaya, zaman nan da kake yi kai kaɗai ba na son shi. Ran Asabar muna zuwa, ko ka buɗe littafi ko mu zauna mu yi ta kallon juna.”

Suka zo. Ya shimfiɗa taswirar garin da ruwa ya ci, ya ɗora kofunan shayinsu a kusurwoyinta, sai da ya gama ya ga huɗu ya ɗauko, har da na Dogo. Ya gyara murya ya ce, “Kuna cikin jirgi a bakin hasumiya. Ruwa yana dukan katako. An ƙwanƙwasa ƙofa.”

Ya yi shiru. Su ma suka yi shiru. Sai da shirun ya yi tsawo suka gane abin da suke yi: jira suke, dukansu uku, sun bar gurbin da suka saba bari. A cikin shirun nan aka ji bugu sau biyu, ƙwas, ƙwas. Tela ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. Mai shagon ƙasa ne yake rufe murfin gwangwanin fenti da guduma, kowa ya sani, kullum yana yi.

Mai Taswira ya ce bari shi ya yi maganar matuƙin, tunda dai mai jan labari yana iya ɗaukar muryar kowa. Ya buɗe baki zai ce Iya. Harshensa ya maƙale. “I-i-i,” ya ce, ya runtse ido, kalmar ta ƙi fita. Shi da bai taɓa i’ina ba tun da aka haife shi.

“Bari, Yaya,” in ji Nas. “Don Allah bari.” Ta kife littafin da hannunta.

Da za su tafi, Tela ya tsaya a kan matakala yana murza hularsa. “Yaya, ni a ganina a yi masa mutuwa ta girma. Ya tare mana wani dodo mu wuce. In ba haka ba, nan za mu tsufa a bakin ƙofar nan.”

Gaskiya ya faɗa, kuma aikin mai jan labari ne. Mai Taswira ya zauna ya rubuta wa matuƙin mutuwa har kala uku: ta ruwa, ta kibiya, ta faɗowa daga hasumiya. Da ya kai ta ukun ya ga abin da hannunsa ya rubuta, ya yayyaga duka. Ya gwada cewa matuƙin ya juya jirginsa ya koma gida, sai ya ji ƙarya ce, Dogo ba ya yin tambaya ya tafi bai ji amsa ba. Ya yi tunanin sayen sabon littafi, har ya je kantin ya ɗaga wani, ya karanta shafin farko, ya ji kansa yana lissafa inda Dogo zai tsaya ya yi tambaya. Ya mayar da shi kan kanta.

Wata ranar Laraba matar Dogo ta zo ofishinsu da tsakar rana. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta zauna a bencin masu jiran takardun fili har ya fito, ta miƙa masa wani gwangwanin alewa.

“Malam, a cikin jakar kayan aikinsa na gani. Na ce naku ne.”

Ƙwayar wasan Dogo ce a ciki, koriya, da takardar jaruminsa an ninke ta huɗu, duk ta yi baƙin hannu.

“Ka san yana gwadawa a gida?” in ji ta. “In ya shiga wanka sai in ji mutum yana magana garau, kamar mai karanta labarai. Da farko na ɗauka rediyo ya shiga da ita. Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa jin muryar nan a gabana ba, sai ta bayan ƙofa.” Ta gyara zamanta. “Ranar Litinin ɗin da washegari ya rasu ma ya yi. Ya daɗe.”

Bayan ta tafi ya warware takardar. A bayanta akwai rubutun Dogo, manyan baƙaƙe irin na mai rubutu a jikin bango. Ya jera abin da zai ce. Idan ’ya’yanta take kira, in ce zan kai ta neman su. An soke wannan da layi. A ƙasa: ba za ta iya fita ba sai wani ya riƙe igiyar ƙararrawar. In ce, Iya, ba ni igiyar, ki je. Ni na saba tsayuwa a sama.

Mai Taswira ya karanta sau uku a tsaye a barandar ofis, masu jira suna ratsa shi. Littafin bai tanadi wannan ba. Shafuka ukun da shi ya rubuta ma ba su hango shi ba. Sai da masinja ya taɓa kafaɗarsa ya ce ana nemansa a ciki.

Ran Asabar bai ɗauki muryar matuƙin ba. Ya miƙa wa Nas takardar, ita ta karanta, a hankali, da muryarta ta yau da kullum. Sannan ya ja labari. Ƙofa ta buɗe. Matuƙin ya shiga, ƙofa ta rufe. Can sai ga wata tsohuwa ta fito tana kare ido daga hasken rana, tafukan hannunta duk kanta, ta ba su mabuɗi, ta shiga jirgi ta zauna inda matuƙin yake zama. Da suka yi nisa da hasumiyar suka ji ƙararrawa ta ci gaba.

Tela ya share fuska da hularsa ya ce, “To wa zai tuƙa jirgin? Ni dai ban iya ba.” Nas ta yi dariya da hawaye, aka jefa ƙwaya, Tela ya sami biyu kacal, jirgi ya yi ta juyi a wuri ɗaya.

Tsohuwar ta zama ta ukunsu har ƙarshen littafin, wata bakwai. Mai Taswira ya sake gyara sauran babukan don mutum biyu da tsohuwa. Ƙananan rubutun da ke gefen shafuka bai goge su ba, tsallake su yake yi, wani lokaci kuma ba ya iyawa, sai ya sa wani dodo ya amsa tambayar da babu wanda ya yi. Nas da Tela sun gane, sukan saurara har ya gama.

Bayan kusan shekara ya haɗu da matar Dogo a tashar mota, tana riƙe da jakar cefane. Suka gaisa, ya tambayi yara. Nas ta riga ta ba ta labarin yadda aka yi. Motarta ta zo, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta juyo tana ɗan murmushi kamar mai jin kunyar tambayar.

“Malam, a can saman, yana samun abin da zai ci kuwa?”

Mai Taswira ya yi tunani sosai kafin ya amsa.

“Akwai kifi,” ya ce. “Ruwa ya kai har taga ta biyu.”

Ta gyaɗa kai, ta shiga, mota ta tashi.