Sunan Ɗan Fari

Ƙamshin gahawa da citta ne ya tarbe ni a matakalar bene ran nan, na san Inna ta ɗora jabana, 'yar tukunyar gahawarta. Dattijuwa ce Bahaushiyar Sudan, ɗakinta yana ƙasa da namu a unguwar Ainu Shams da ke Alƙahira. Ni kuwa ina shekara ta biyu a jami'a, ba ni da aiki sai karatu da kallon tantabarun maƙwabta.

Saura kwana uku a yi mata tambayoyi a ofishin 'yan gudun hijira. Idan ba su gamsu ba za a rufe fayil ɗinta, ta zauna a Alƙahira ba takarda. Lauyar da ke taimaka mata ta ce ba dole sai da hujja a rubuce ba, amma sai ta nuna tana tsoron komawa Sudan, kuma tsoron yana da tushe: wa aka taɓa, yaushe, saboda me. Shi ya sa muke gwaji, ni ce ma'aikaciyar ofis.

"Inna, kina tsoron komawa?"

"Ni Allah kaɗai nake tsoro."

"To khalas, shi ke nan, sun sallame ki."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ofishinki ba imani, 'yar nan. Sha gahawarki."

Muka sake. A hankali ta faɗi yadda 'yan bindiga suka shigo unguwarsu suna tambayar ƙabilar kowa, suka tafi da magidanta, har da babban ɗanta.

"Ya sunansa?"

"Shi dai."

"Sunansa, Inna. Za su tambaya."

"Uwa ta kama sunan ɗan fari? A gidanku haka ake yi?"

A gidanmu ma ba a yi. Na kwafo sunan daga takardun lauyar a 'yar takarda, na ninke, na ce in an zo wurin ta miƙa musu kawai. Ta ƙulle ta a bakin mayafi, ta koma yi mini faɗa wai na rame.

Ranar tambayoyin na raka ta, na zauna a inuwa ina bitar darasi. Ta fito bayan azahar ta ce yunwa take ji, muka ci ta'amiyya, ƙosan Masarawa, da zafinta a tsaye. Da katinta na 'yar gudun hijira ya fito ta dafa wa duk mutanen benen gahawa, ni kuma ina ta jin daɗin dabarata.

Sai ranar da zan koma gida, bayan na gama karatu, ta damƙa mini takardar a ninke yadda na ba ta. Ashe ba ta miƙa ba. Ta ce da bakinta ta faɗi sunan, har sau biyu, domin mai rubutawa ya ce ta ɗaga murya.