Haihuwar da Inna Ta Karɓa da Ludayi

Kifaye tara na taho da su daga Maraɗi a cikin leda, tare da akwatin gilashinsu, shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wani lekol na Tasawa. Mai sayarwar ya ce sunansu gufi. Babbansu bai kai ɗan yatsana ba, amma wutsiyar mazan ta fi zanen sallah ado: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, duk a jikin abin da bai cika cokali ba. Nakan dawo daga aiki in zauna gabansu ina tasbihi ban sani ba.

A lokacin mahaifiyata tana wurina. Inna ungozoma ce a garinmu Kona tun kafin a haife ni, sai hannunta ya fara rawa, mata suka koma asibiti, ta zama ba mai aiko mata. Da ta ga kifayen sai ta taɓe baki.

"Kihin da ba ya shiga miya, mi za a yi da shi?"

Bayan kwana uku na same ta ta shimfiɗa tabarmarta a gaban gilashin. Ita ta nuna mini wata mace mai launin toka da baƙin tabo a ƙasan ciki, ta ce wannan juna biyu gare ta. Na ce Inna, kifi ƙwai yake yi. Ta ce to, mu zuba ido.

Sai bazara ta kama. Wanda ya san Tasawa a wannan lokaci ya san ko ƙadangare neman inuwa yake. Mu kuwa ba mu da karamcin da ya wuce ruwan sanyi; baƙo bai gama sallama ba an miƙa masa. Na taɓa ruwan kifayen na ji shi da ɗumi, tausayi ya kama ni. Kullum da azahar in sayo ƙanƙara in fasa musu, har ina jin daɗin kaina.

Cikin mako guda wutsiyoyin nan suka tsuke kamar lemar da aka naɗe. Suka daina rububin abinci, suna goga jiki da duwatsun ƙasa. Farare-fararen ɗigo suka feso musu, kamar an barbaɗa gari. Biyu suka mutu rana ɗaya. Mai cikin ta koma lungu tana numfashi da ƙyar.

"Mi ka zuba masu?" in ji Inna.

Na faɗa mata.

"Ƙanƙara? Ga mai ciki? Kai, Mushe, karatun naka ina ya tahi? Sanyi ne ya kama su."

In ta ce mini Mushe, yadda 'yan lekol ke kiran malami da Faransanci, to zagi ne a cikin ladabi. Na ji haushi ƙwarai, don gare ta ciwon baya sanyi ne, tari ma sanyi ne. Na ɗauki hoto a waya na hau moto zuwa wurin wani abokina, likitan dabbobi, don ya ba ni amsar da zan rufe mata baki.

Ya daɗe yana duban hoton. Ya ce wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, takan shiga ƙarƙashin fatar kifi, kuma ta fi samun ƙofa in ruwa yana zafi yana sanyi farat ɗaya, jikin kifin ya yi rauni. Ya tambaye ni ko akwai abin da ya sanyaya ruwan. Na hau duban hoton kamar ban ji ba. Shi kuwa bai ƙara tambaya ba, dariya kawai ya yi.

Ya ce a daina ƙanƙara. A riƙa rage sulusin ruwan ana zuba wanda ya kwana a bokiti cikin ɗakin, a narkar da ɗan gishiri a ciki, kuma ko ɗigon sun ɓace kada a tsaya sai an yi mako biyu, don cutar takan sauka ƙasa ta hayayyafa ta dawo. Da na dawo gida na faɗa mata, Inna ta nemi a ƙara kanwa, irin ta kunun mai jego. Nan kam na ci nasara, na kira likita ya hana.

Daga ranar ta karɓe jinyar. Da gwiwar hannu take gwada ruwan bokiti, yadda take gwada ruwan wankan jariri. Ta sa na ware mai cikin a wata babbar kwalba. Wani namiji ya ƙara mutuwa, na tsorata, na ce anya. Ta ce wanda ya wuce ya wuce, ita idonta na kan mai nauyi.

A rana ta shida ɗigon suka fara raguwa. A ta goma wutsiyoyi suka buɗe.

Wata Lahadi da hantsi na ji ta ƙwala mini kira da wata murya da na manta tana da ita. Na tarar da ita durƙushe gaban kwalbar. Mai cikin ta tsaya cak a tsakiyar ruwa, ta ɗan karkata, sai wani abu kamar ƙwayar gero ya fito daga jikinta a dunƙule. Ya nitse kaɗan, ya warware, ga ido biyu baƙaƙe, ya buga wutsiya ya yi iyo. Ba kuka, ba cibiya, ba wanda ya koya masa. Wani ya biyo, wani ya biyo.

"Subhanallahi," Inna take ta faɗi. "Duk haihuwar da na karɓa, ban taɓa ganin ɗan da ya hito ya kama gabansa ba."

Sai uwar ta juyo ta haɗiye ɗaya. Abokina ya gaya mini sukan yi haka, ni ne na manta.

"Kawo ludayi!"

Na miƙa mata, ina shirin cewa ta bari in yi, saboda hannun. Ban samu faɗi ba. Ta tsoma ludayin a hankali ta ɗebo na farko, ta juye shi a kwanon ruwan da ta gwada da gwiwar hannu, ta koma. Goma sha ɗaya ta tsamo. Ina tsaye a kanta ina kallon hannun nan da ba ya iya kai kofin shayi baki bai zuba ba, ko ɗigo bai zubar ba.

Da ta gama ta goge hannu a zanenta, ta dube ni.

"Saura ka kawo masu ƙanƙarar barka," ta ce.