Dutsen da na kai Hadiza

Na iske jikata Hadiza a ƙofar gida da igiyoyi da tanti. Daga Yamai ta zo da ƙawayenta, wai za su kwana biyu a daji su koyi hawan dutse. Ta nuna mini hoton wani dutse a talho, wato wayarta, can hanyar Tanda.

Na ce ƙafata ƙafarsu. Da muka isa na ƙwanƙwasa shi da sanda, ya amsa kamar tulun da ba ruwa.

Ta ce, "Tsoho, a hoto lafiyarsa lau."

Na ce, "Amarya, hoto ba shi da kunne. Wannan kina kamawa zai biyo hannunki."

Ta kumbura baki. Ni kuma na zauna bisa igiyarsu, na ƙi tashi.

Dole suka bi ni zuwa wani gajeren dutse mai kallon kogi, wanda ko akuya mai ciki tana hawa. Da ta kai sama ta leƙo ta ce, "Ina ka san nan?"

Na ce, "A da nan nake hawa in hango kwalekwalen marigayiya kakarki daga Tunuga."

Ta daɗe ba ta sauko ba, ni ma ban kira ta ba.

Ku fa, ina tsofaffinku suka taɓa kai ku?