Ƙanwa da Ɗankwalin Yaya

Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa, sai na ji guɗa daga gidan maƙwabcina, Malam Haladu.

Na yafa mayafi na leƙa.

Mota ce sabuwa fil a ƙofar gidan, ruwan toka, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Ɗansa Tasi'u ne ya kawo masa daga birni, inda yake aiki.

Bari in gaya muku waye Malam Haladu.

Ba mai kuɗi ba ne. Ɗinkin hula yake yi. Amma a unguwarmu in an yi rigimar iyakar gona, ko an ba da amana mai ita ya rasu, shi ake kira. In ya ce haka aka yi, an gama. Kowa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Kuma ba ya rantsuwa. Tun da aka kawo ni unguwar nan ina amarya, ban taɓa jin wallahi a bakinsa ba. I ko a'a, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa neman ƙari.

Abin da ya mallaka ke nan a duniya, maganarsa.

Ni ban san mota ba, amma wannan kam ko mu mata mun san labarinta. Kamfanin da ke ƙera ta suna biyu gare shi, ɗaya na masu hali, ɗaya na masu ƙaramin ƙarfi. In sun fito da sabon samfuri a babban sunan, ba sa yar da tsohon. Sai su ɗauke shi yadda yake, su rage masa ado, su manna masa tambarin ƙaramin sunan, su sayar da sauƙi. Jiki ɗaya, inji ɗaya. Ba a ɓoye suke yi ba.

Mutanenmu sai suka raɗa musu suna. Ta tsadar Yaya, ta sauƙin Ƙanwa, don kayan da yaya ta gama sawa ƙanwa ake miƙa wa.

Tambarin Yaya ne a goshin motar Malam Haladu, yana ta ƙyalli.

Tsohon ya shafa ta, ya ce, "Wacce ce a cikinsu, Tasi'u?"

"Yaya ce, Baba."

Tsohon ya yi ta sa masa albarka.

Bayan Azahar dattawa suka taru a gindin darbejiyar da suke zama. Bishiyar a jikin katangata take, ba abin da ke wuce ni.

Cikinsu akwai Malam Sahabi, taubashin Malam Haladu. Kun san taubasai, tsokana ce gaisuwarsu. Shi ma bai san komai a mota ba, ko keke da ƙyar yake hawa. Ya zagaya ta yana dogara sanda, ya ce:

"Kai Haladu, wa ya ga bawana a gidan gaba! To amma ka duba da kyau. Kar dai Ƙanwa ce aka ɗaura mata ɗankwalin Yaya."

Aka fashe da dariya.

Da wata rana ce, Malam Haladu ramawa zai yi, a yi ta raha. Ranar bai yi dariya ba.

Ya ce, "Sahabi, ni ka zage ni, na saba. Amma kar ka ce ɗana maƙaryaci ne."

"Haba, wasa fa nake."

"Wallahi tallahi Yaya ce. Tasi'u ne ya faɗa mini, kuma Tasi'u bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Dattawa suka dubi juna.

Malam Haladu ya rantse.

Sahabi ya ce, "Allah ya huci zuciyarka. Na janye."

Na leƙa ta saman katanga. Tasi'u na tsaye da makulli a hannu, ya kafa wa ƙasa ido. Na ɗauka kunyar manya ce.

Da La'asar ya yi sallama a gidana. Marigayiya uwarsa ƙawata ce, a gabana ya girma, Inna yake ce mini. Ya zauna a bakin tabarma, na ba shi ruwa bai sha ba.

Can ya ce, "Inna, Ƙanwa ce."

Yana da ƙanwa, Zulai, tana gidan mijinta da tsohon ciki.

"Innalillahi! Me ya sami Zulai? Haihuwar ce?"

"Ba Zulai ba, Inna. Motar."

Na zauna daɓas.

Ya ce tun da daɗewa ya yi wa uban alkawari a waya cewa Yaya zai saya masa. Ya tara, ya tara, ƙarfinsa bai kai ba, ya sayi Ƙanwa. A hanya ya tsaya wurin masu sayar da kayan adon mota zai sayi shimfiɗar ƙafa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, a sa maka tambarin Yaya mana. Ramukan ɗaya ne, zama zai yi daram."

Kafin ya gama shan ruwan leda an cire, an manna.

Na ce, "Ubanka ya ce maka sai Yaya?"

"A'a."

"Ya san bambancinsu?"

"A'a."

"To wa ka yi wa?"



Sai ya ce, "Inna, ke yana jin nauyinki. Ki gaya masa a hankali in na tafi."

Na ce, "Ni na manna? A gaban mutane ka bari ya rantse, a gaban mutane za ka warware."

"Kunya za ta kashe shi."

"Kunyarka dai kake ji, ɗan nan. Kar ka laɓe a bayan tasa."

Ya tashi ya fita. Washegari ya koma birni bai ce wa uban komai ba.

Daga nan ya rage kiran Malam Haladu. Ni yake kira.

"Inna, Baba lafiya?"

"Ba ka da lambarsa ne?"

"Ba na iya jin muryarsa. Da ya ce Allah ya yi maka albarka, sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Ko salla na tayar, wallahin nan nake ji."

Shi kuwa tsohon, in ya sami mai tuƙa shi, ba wanda ba ya ɗauka. Mai naƙuda, mai zuwa asibiti, masu zuwa ta'aziyya. Kowa ya shiga sai ya ce masa, "Zauna da kyau, Yaya ce. Tasi'u ne ya saya."

Amma gari ba ya rasa masu ido.

Na je wani suna, ina zaune a tsakar gida, na ji wata tana cewa, "Ashe Malam Haladu ma yana rantsuwa a kan ƙarya. Maigidana ya ce fitilun baya na Ƙanwa ne, ko makaho ya shafa zai gane."

Ta kusa da ita ta ce, "To wa ya san sauran shaidun da ya yi ta bayarwa?"

Abincin nan ban ci ba.

Ina fita na kira Tasi'u. Na ce, "An bar maganar mota, an koma kan shaidar ubanka. Ka zo ka kwashe abin da ka zubar."

Ya zo. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa.

Bai shiga gida ba. Dattawa na zaune a gindin darbejiya, motar na gefe. Ya gaishe su, ya ciro sukundireba daga aljihu, ya sa a gefen tambarin ya ɓamɓare shi. Sai ga inuwar tsohon tambarin a jikin fenti, a fili, kowa na gani.

Ya zo gaban uban ya durƙusa.

"Baba, Ƙanwa ce. Ni na sa aka canza. Ƙarya na yi maka, ka rantse a kanta ina tsaye ban hana ka ba."

Malam Haladu ya ajiye hular da yake ɗinki.

Bai kalli ɗansa ba. Sahabi ya juya wa.

"Sahabi, na ƙaryata ka a gaban jama'a, ashe kai ne mai gaskiya. Ka yafe mini."

Sahabi ya rikice. "Haba Haladu! Ni fa ban san komai ba, bakina ne kawai. Don Allah ka bari."

Bai bari ba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ji rantsuwar, yana neman afuwa. Dattijo mai furfura. Tasi'u na durƙushe yana kuka kamar yaro.

Da ya gama, ya ce, "Tashi. Na yafe maka, wannan tsakanina da kai ne. Da ka ce mini Ƙanwa ce, albarkar da na sa maka ba za ta ragu ba. Amma rantsuwar daga bakina ta fita, ba daga naka ba."

Liman ya gaya masa ba laifi a kansa, tunda bai sani ba. Ya ce ya ji, ya gode.

Na ɗauka magana ta mutu a nan.

Kafin Tasi'u ya koma birni, sai ga wata baiwar Allah, Asabe. Mijinta ya rasu, danginsa suna so su ci mata gefen gona, ita da marayunta. Malam Haladu ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga ranar da aka kafa iyakar. Aka sa zama a gaban mai unguwa.

Tasi'u ya tuƙa mu. Na raka Asabe, don ba ta da kowa.

Malam Haladu ya faɗi abin da ya sani. Daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, nan iyakar take.

A da, nan ake shafa fatiha.

Sai wani daga dangin mijin ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce:

"Malam, za ka iya rantsewa? Ko wannan ma gaya maka aka yi?"

Ba wanda ya tsawata masa. Wannan ya fi yi mini ciwo. Har mai unguwa shiru ya yi, yana jiran amsa.

Malam Haladu ya juya.

Ya dubi Asabe. Ya dubi jaririn da ke bayanta.

Ya ce, "Da idona na gani." Ya rantse.

Duk da haka sai da aka ce a nemo wani ya ƙara a kan maganarsa. Da ƙyar aka samo wani tsohon makiyayi da ya tuna rijiyar, sannan aka bar wa Asabe gonarta.



Muna isa ƙofar gida, Tasi'u ya kashe mota, ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Baba…"

Malam Haladu ya ce, "Ka kai Asabe gida, rana ta yi wa yaron nan yawa."

Ya fita, ya shige gida.

Har yau in aka zo kiransa shaida, cewa yake, "Ku haɗa da wani."

Darasi: Ƙaryar da ka yi wa mai gaskiya ba a wurinsa take tsayawa ba. Ɗauka zai yi ya kai wa mutane da sunansa, don ya yarda da kai, kuma shi za a tuhuma. Abin da ƙarfinka ya kai, kai wa iyayenka, ka kira shi da sunansa. Ƙaramin abu na halal bai taɓa kunyata uba ba.

Ku tura wa 'ya'yanku da ke birni. In akwai wanda ya manna wa iyayensa wani abu, ya je ya ɓamɓare tun ba su rantse a kai ba.