Damin Geron Gwaggo

Shekarata biyu da zama lauya gwaggona ta taso daga Bungudu ta same ni a Gusau, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ɗiyata, sun ƙwace man gona."

Marigayi mijinta ne ya ba maƙwabcinsu aron gonar. Kowace kaka maƙwabcin yakan kawo damin gero ɗaya har zaure. Dami ɗaya ba ya cika rumbu, shaida ce kawai cewa gona tana da mai ita. Da tsofaffin suka rasu, 'ya'yan maƙwabcin suka daina kawowa. Kotun ƙasa ta ce sun daɗe suna nomawa ba wanda ya yi magana, don haka ta zama tasu. Wallahi raina ya ɓaci. Gonar ke nan da Gwaggo ke ci da ita.

Na ɗaukaka ƙara. Lauyansu, dattijo mai ji da kansa, ya karanto wani tsohon hukunci na kotun sama, inda aka bar wa wani gona saboda daɗewa a cikinta. Ya zauna yana gyara riga, wai ya gama da yarinya.

Ni kuwa na karanta hukuncin nan har na kusa haddace shi. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, a waccan shari'ar ba wanda ya taɓa kai dami."

Babban alƙalin ya sa aka miƙo masa littafin. Ya daɗe yana bin layi da yatsa, alƙalin da ke kusa da shi na leƙawa. Sannan ya ce hukuncin magabata yana nan daram, amma bai shafi aro ba. Wanda ya kai dami ya amsa da kansa cewa gona ba tasa ba ce.

Gwaggo ta shuka gero a daminar nan.

Bayan wasu shekaru ina zaune a kotu, wani lauya da ke kare wata mata daga Tsafe ya kafa hujja da hukuncinmu. Ya ambaci sunan gwaggona, wadda ko biro ba ta taɓa riƙewa ba, alƙalai suna rubutawa. Kai! Na ji kaina ya yi girma, ba na ɓoyewa.

Ina fita na kira ta, ina ta zuba.

Ta katse ni. "Bar wanga surutu. Ita matar, ta samu gonarta?"

"Ta samu, Gwaggo."

Can na ji tana kuka.