Hutun da Na Yi Wa Tsuntsaye Karatu

Akwai wani hutun damina da ba na jin zai fita daga raina muddin ina numfashi. Ina aji huɗu a firamare a lokacin, muna zaune a Yalwawa cikin Dutse, kuma ni yaro ne mai in'ina. Duk sanda malami ya ce in tashi in karanta, kalmar farko sai ta maƙale min a maƙogwaro, aji ya kwashe da dariya. Da na gaji sai na daina gwadawa. Ranar da aka ba da dogon hutu, sakamakona ya nuna zan maimaita aji.

Babana mai gyaran babur ne, ba shi da yawan magana. Ya duba takardar, ya ninke ta, ya ce, "In an koma bai iya ba, ya biyo ni gareji. Ba kowa aka yi don boko ba." Ba cikin faɗa ya yi maganar ba, shi ya sa ma ta fi yi min ciwo.

Muna da wata maƙwabciya 'yar Filato, ma'aikaciyar sakatariya, ƙawar mahaifiyata. Da ta ji za a kai ni Buji wurin kakata in yi hutu, sai ta shigo da wani littafin labari na Hausa, bangonsa duk ya ƙoƙe. Ta ce, "Ko shafi ɗaya a rana, kada ka bari idonka ya manta." Na karɓa don kunya kawai.

Na tarar gero ya fara ido, tsuntsaye sun sako gonaki a gaba. A tsakiyar gonar kakata an kafa wata rumfa mai tsayi da ake hawa, an ja igiyoyi daga jikinta zuwa gefen gona, an rataya musu gwangwanaye. Aikina shi ne in hau tun safe, in riƙa jan igiya ina ihu. Rannan Iya, haka muke kiran kakar tawa, ta kawo min fura, ta hangi littafin a gefena ko buɗe shi ban yi ba.

"Maigida," in ji ta, don haka take tsokanata, "wannan matashin kai ka kawo?"

Na ce na karatu ne.

"To karanta musu mana. Tsuntsu ba ruwansa da abin da ka faɗa, ƙara yake tsoro. Ya fi ka yi ta 'haa! haa!' a banza."

"Iya, ai ina in'ina."

Ta dubi garken da ke shawagi a sama, ta ce, "Su ɗin ka taɓa jin sun faɗi kalma ɗaya daidai?"

Bayan ta tafi na buɗe. Na ɗaga murya, na maƙale, na saurara. Ba wanda ya yi dariya. Iska ce kawai ke kaɗa gero. Na sake gwadawa.

Labarin wani yaro ne da ya bi kogin garinsu don ya ga inda ruwan yake ƙarewa. Ban taɓa ganin teku ba, amma daga saman rumfar nan, idan iska ta taso gero ya kwanta ya tashi har iya ganina, sai in ji kamar a kwalekwale nake. Gajimare na wucewa a hankali, inuwarsu na bin gonaki, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tasowa. Wani lokaci in ɗago kai ban san ko hantsi ne ko la'asar ba. Har yau idan na tuna kwanakin nan, ba na iya raba abin da na karanta da abin da na gani.

Wata la'asar sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas, hasken rana ya koma ruwan ɗorawa. Na kai inda yaron ya tarar kogin ya rabu biyu. Ina cikin karatu na ci karo da wata doguwar kalma, harshena ya ƙi. Na yi ta fama, na rufe littafin don haushi.

Sai na ji murya daga ƙarƙashina: "To wanne ya bi?"

Saura kaɗan in faɗo. Na leƙa, sai ga yara zaune a inuwar rumfar, masu korar tsuntsaye na maƙwabtan gonaki, da wata yarinya Bafulatana riƙe da sandar kiwo. Ita ce ta yi tambayar. Ashe sun daɗe suna zuwa, su laɓo ta cikin gero su zauna shiru.

Na ce, "Ba-ba-ban iya ba sosai."

Ta ce, "Mu dai ka ci gaba. In ka tsaya muna jiranka."

Na buɗe littafin. Na sake maƙalewa a wurin, suka jira. Ba wanda ya taya ni, ba wanda ya kalli wani. Kalmar ta fito da kanta, na wuce. Na yi ta karatu har ɗigon farko ya faɗo a kan shafin.

Da na sauko, sai na ga mutum tsaye a bakin kunyar gona, gero ya kusa rufe shi. Babana ne. Ya zo daga Dutse duba Iya, ta ce masa ya ƙarasa gona amma kada ya yi motsi. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Ya cire rigarsa ta sama ya naɗe littafin don kada ya jiƙe, muka nufi gida cikin yayyafi.

Sai da muka kusa shiga gari ya yi gyaran murya, bai dube ni ba, ya ce, "Yaron nan, ya isa tekun kuwa?"

Na ce ban kai wurin ba tukuna.

Ya ce, "In ka kai, ka karanta min."

Na maimaita ajin, in'inar ma ba ta rabu da ni gaba ɗaya ba, amma maganar gareji ba ta sake tasowa ba. Abin da na koya shi ne, yaro ba ya riƙe karatu don an tsare shi da tsawa. Yana riƙe shi ne idan ya san akwai wanda ke son jin abin da zai biyo baya, kuma zai yi haƙurin jiransa.