Yelwa da Allin Ƙofa

Yelwa ba ta taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko, amma damina tara ta yi tana raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi a ƙauyenmu, arewa da Cadakori. Mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya da jaki mai taurin kai, mutane kuwa suna cewa a wurinta jakin ya koya. Ni ƙanen mijin ne, na sha bakinta fiye da kowa.

Duk wata a damina ana aiko da ƙwayoyin daga nesa, kuma ba da araha ake sayo su ba. Dokar da aka rubuto daga buro, wato ofishin manya, ta ce mai rabo ya bi gida-gida da hantsi, ya ba yaro magani, ya shafa alli a ƙofa. Wanda ya rubuta wannan, na rantse bai taɓa riƙe hauya ba. Wa ke gida da hantsi a lokacin noma? Tsofaffi da kaji. Uwa tana gona, yaro yana bayanta.

Sai masu rabo su miƙa wa kaka ƙwayoyin, su shafa alli, su wuce. Kaka ta soke su a jinka ta manta. Masu dubawa su zo cikin mota, su ga kowace ƙofa fari fat, su koma da murna. Kafin a yanke gero ɗakin likita ya cika da yara, a sake sayen wani magani. Abin yana ƙona mini rai.

Yelwa ba ta yarda da wannan ba. Takan ɗauki butar ruwa da cokali ta bi gonaki, ta tsugunna a kunya, sai ta ga maƙogwaron yaro ya motsa sannan ta tashi. Gidan da ɗansa bai haɗiye ba, ba ta shafa masa alli. Saboda haka rabon kwana huɗu yakan kai ta shida, unguwarta kuma kullum ita ce baya a takarda.

Bara aka kawo sabon majo, wato shugaban ɗakin likita, sunansa Rabilu. Ba mugu ba ne, daga sama ake matsa masa. Ya kira ta.

"Inna, ki rufa mini asiri. Ki shafa allin kamar kowa, in ba haka ba rigar aikin nan za a amshe."

"Ɗana, mi anka sayo maganin ya yi? Ƙofa ka zazzaɓi ko ɗiyan mutane?"

"Dokar ke nan, Inna."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro allin ta ajiye masa a tebur, ta tuɓe rigar ta ɗora a kai. Ta fito ba ta waiwaya ba, amma ni na ga idonta ya yi ja. Ɗan abin da ake ba ta a rabon nan shi ne cefanenta na damina.

Wata na gaba aka ba wasu mata biyu aikin. Ranar farko suna fitowa da kwalin magani suka tarar da ita a bakin hanya da butarta.

"Inna Yelwa, ba an sallame ki ba?"

"Riga sunka amshe, ƙafafuna na nan. Ku biyo ni, yaran na gona."

Suka dubi juna, suka bi ta.